Ramar da Tuwo Ba Ya Mayarwa

Ƙannena, samari da 'yan mata, a yawancin gidajenmu idan babba ya kwanta ciwo ku ne 'yan jinya. Ku ake aika kemis, ku ke kwana kan tabarma a barandar asibiti, ku ke riƙe kofin kunu kuna lallashi. Shi ya sa nake ganin akwai ilimin da ya fi wajaba a kanku fiye da kowa a gidan, wato sanin abin da ke cinye naman jikin mai ciwon daji. Duk wanda ya taɓa irin wannan jinya ya gani da idonsa. Gefen goshi ya loɓa, ƙashin wuya ya fito, damtse ya saki, zobe ya fara suɓucewa daga yatsa. Mutumin da bara yake saɓa buhun masara a kafaɗa, bana sai an tallafe shi zai tashi daga kujera. Da zarar an ga haka sai gida duka ya tsaya a kan magana ɗaya: ai ba ya cin abinci ne. Sai a shiga "Baba, daure ka ci ko loma uku," "Inna, don girman Allah ki shanye, saura kaɗan." Idan lallashi bai yi ba a koma faɗa, idan faɗa bai yi ba a shiga neman wanda za a ɗora wa laifi.

Wannan rama ba ta yunwa ba ce, kuma abinci kaɗai ba ya mayar da ita. Cuta ce a cikin cuta, tana da dalilanta a jini da hanta da ƙwaƙwalwa da ita kanta tsokar. Likitoci suna kiranta kakeksiya. A shekarar 2011 wani rukunin masana daga ƙasashe daban-daban, ƙarƙashin Farfesa Kenneth Fearon, likitan tiyata na Jami'ar Edinbara, ya tsayar da ma'auninta: mai ciwon daji da ya zubar da fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a cikin wata 6, ba don rashin abinci a gida ba, ya shiga cikinta. Mai kilo 60 ke nan idan ya rasa abin da ya haura kilo 3. A cikin bayanin nasu sun faɗa ƙarara cewa ciyarwa irin wadda aka saba ba ta iya dawo da tsokar gaba ɗaya. Ana ƙiyasta rabin waɗanda dajinsu ya yi nisa, ko ma fiye, suna fama da ita. Amma ba kowane daji ne ke kawo ta daidai da wani ba. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 1980 a kan majinyata sama da 3,000 ya tarar da fiye da kashi 80 cikin 100 na masu dajin tumbi da na fankiriyas, gaɓar nan da ke bayan tumbi mai fitar da insulin, sun riga sun fara ramewa kafin a soma ba su magani, alhali a masu dajin nono abin bai kai rabi ba.

Don ku gane bambancin, ku fara duban yadda lafiyayyen jiki ke yi da yunwa. Allah ya halicce shi da dabarar tattali. Idan abinci ya yanke, da farko yakan ci ɗan sukarin da hanta ta ajiye. Bayan 'yan kwanaki sai ya juya ga kitse, hanta ta riƙa sarrafa shi zuwa wani makamashi da ƙwaƙwalwa ke iya aiki da shi a madadin sukari, don kada a taɓa tsoka sai ya zama dole. Haka kuma yakan rage ƙarfin da yake ƙonawa. An gwada wannan a Jami'ar Minnesota tsakanin 1944 da 1945, inda Ancel Keys ya rage wa samari 36 abinci da yardarsu har kusan wata 6. Sun rasa kimanin kwatan nauyinsu, amma ƙarfin da jikinsu ke ƙonawa a kwance ya sauka da kusan kashi 40 cikin 100. Tunaninsu duk ya koma kan abinci, kuma da aka dawo musu da shi suka ci, suka murmure. Mai kakeksiya akasin haka yake. Jikinsa ba ya yin tattalin, wani ma ƙara ƙonawa yake. Ba ya tsallake tsoka, tare yake cinye ta da kitse. Ga shi kuma ba ya jin yunwar da za ta ja shi ga akushi.

Hanyar da aka bi aka fara gano dalili ta biyo ne ta kan wata cuta da kowane makiyayi ya sani, wato sammore, ciwon shanu da ƙudan tsando ke yaɗawa. A shekarun 1970 wani masani daga Jami'ar Rockefeller ta New York, Anthony Cerami, ya je Kenya yana neman maganinta. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, saniya za ta rame ta koma ƙashi da fata, alhali ƙwayoyin cutar da ke jininta ba su kai yawan da za a ce su suka cinye ta ba. Da ya koma gida, shi da masu aiki tare da shi suka sa wa zomaye cutar. Zomayen suka rame ƙwarai, amma jininsu ya cika da maiƙo: kitse na yawo a jini, jiki ya kasa ɗauka ya ajiye. Daga nan suka fahimci ba ƙwayar cutar ce ke cin dabbar kai tsaye ba, wani abu ne da garkuwar jikin dabbar ke fitarwa don yaƙar cutar. A 1985 Bruce Beutler, yana aiki da Cerami, ya tace sinadarin. Sai ga shi ashe shi ne wanda wasu masana suka bayyana shekara 10 kafin nan yana kashe ƙari a jikin ɓeraye, wanda ake kira TNF. Sinadarin da ke yaƙar cuta shi ne dai ke ramar da mai ita. Bayan shekara 2 aka dasa wa ɓeraye ƙarin da ke zubo TNF ba ƙaƙƙautawa, suka rame, yayin da waɗanda aka dasa wa ƙarin da ba ya zubo shi suka riƙe nauyinsu.

Ba don in haɗa ɗan Adam da dabba na kawo wannan ba, darajarsa ta wuce haka. Na kawo shi ne don akwai abin da makiyayi ya daɗe da sani wanda mu ba mu sani ba a gefen gadon iyayenmu. Ya san saniya mai sammore ko ya kai ta fadamar da ta fi kowace ciyawa, ba za ta yi jiki ba sai an yi maganin abin da ke cikinta. Ba ya zarginta da ƙin kiwo, ba ya kuma dukan yaron da ya kora ta.

TNF ba shi kaɗai ba ne. Yana da 'yan'uwa, IL-1 da IL-6 da wasu, dukkansu saƙonni ne da ƙwayoyin garkuwa ke aikawa ta jini idan an ji rauni ko cuta ta shiga. Kowannenku ya ɗanɗani aikinsu. Ranar da zazzaɓin cizon sauro ya kayar da kai, baki ya yi ɗaci, ƙamshin miya ya dame ka, gaɓoɓi suka mutu, su ne. Jiki ne ya ajiye komai ya fuskanci cutar. Bayan kwana kaɗan zazzaɓi ya sauka, saƙon ya tsaya, ka tashi kana neman abin da za ka sa a baki. A ciwon daji saƙon ba ya tsayawa. Ƙarin na nan yana fitar da nasa sinadarai, yana kuma tsokanar garkuwar jiki ta fitar da nata, wata da watanni. Shi ya sa ƙari a fankiriyas da bai wuce santimita 3 ko 4 ba zai iya rage ƙaton mutum.

To me saƙon ke yi idan ya isa tsoka? Tsoka ita ce kusan kashi 40 cikin 100 na nauyin lafiyayyen namiji, kuma a cikinta mafi yawan furotin na jiki yake ajiye. Ba a zaune take ba. Kowace rana ana rushe wani ɓangare na furotin ɗinta ana gina sabo, kuma muddin rushewa da gini sun zo daidai, damtse na nan yadda yake. A cikin kowace ƙwayar tsoka akwai tsarin da ke zaƙulo furotin da ya tsufa ko ya lalace, ya liƙa masa wata 'yar alama mai suna yubikwitin. Sai wata na'urar halitta mai suna furotiyasom ta gane alamar, ta ja shi ciki ta daddatsa. Mutum 3 da suka gano wannan tsari, Aaron Ciechanover da Avram Hershko da Irwin Rose, sun sami kyautar Nobel a 2004. Aikin tsafta ne, ba don shi ba da ƙwayar ta cika da tarkace. Amma a 2001 rukunin masu bincike 2 a Amurka, na Alfred Goldberg a Harvard da na David Glass, suka gano wasu masu liƙa alamar da ke aiki a tsoka musamman, atrojin-1 da MuRF1, waɗanda yawansu ke hauhawa idan tsoka na zubewa. Saƙonnin kumburi suna tayar da su, haka ma kotisol, sinadarin da jiki ke fitarwa a halin ƙunci. Da sun tashi sai alamar ta riƙa faɗawa kan lafiyayyen zaren tsoka, wanda da shi ake miƙe hannu ake ɗaga ƙafa. An fi ganin wannan ƙarara a jikin ɓerayen gwaji. Akwai kuma hanya ta biyu, inda ƙwayar ke naɗe wasu sassanta ta narkar da su, har da 'yan ma'aikatun da ke samar mata ƙarfi. Yoshinori Ohsumi na Japan ya karɓi Nobel a 2016 kan bayyana ta. Ita ma takan wuce gona da iri a wannan ciwo, kuma tana cikin abin da ke sa majinyaci ya gaji tun kafin ya yi komai.

Ta ɓangaren gini ma an sami tawaya. Lafiyayyen mutum idan ya ci nama ko wake, insulin da wani sinadari mai suna IGF-1 suna umartar tsoka ta ɗauki abin da ya shigo ta yi gini da shi. Tsokar mai kakeksiya takan yi nauyin ji ga wannan umarni. Ba ta kurumce ɗungum ba, musamman da farko, shi ya sa abinci mai kyau yake da amfani. Amma abin da kwano ɗaya ke ginawa a jikinka ba shi yake ginawa a nasa ba.

Sannan jiki yana da wani sinadari da aikinsa shi ne taka wa girman tsoka birki. Se-Jin Lee da Alexandra McPherron suka gano shi a Jami'ar Johns Hopkins a 1997, ana kiransa mayostatin. Ɓerayen da aka cire musu shi tsokarsu ta ninka, kuma wani nau'in shanun Beljiyam masu murɗaɗɗen jiki rashin aikinsa ne ya mai da su haka. Yana da ɗan'uwa mai suna aktibin, wanda wasu ƙari ke zubowa da yawa, kuma ƙofa ɗaya suke shiga a jikin tsoka. A 2010 aka wallafa wani gwaji da nake so ku yi tunani a kansa sosai. An toshe wannan ƙofa a jikin ɓeraye masu daji. Tsokarsu ta dawo, zuciyarsu da ta fara ƙanƙancewa ta farfaɗo, suka kuma daɗe a raye fiye da sauran, alhali ƙarin bai daina girma ba. Wato ramar ita kanta tana kisa. Ba abin mamaki ba ne idan aka tuna zuciya tsoka ce, kuma tsoka ce ke buɗe ƙirji a shaƙi iska, ita ce ke yin tari a fitar da majina. Idan ta raunana, majina ta kwanta a huhu, cuta ta sami wurin zama.

Ina furotin ɗin da aka rushe yake zuwa? Mafi yawansa hanta ke karɓa. Saƙon IL-6 yana sa ta duƙufa ƙera wasu furotin na lokacin rashin lafiya, ɗaya daga cikinsu shi ne CRP da likita ke aunawa a jini, kuma kayan ƙirar daga tsoka take samo su. Wani kuma ta mai da shi sukari, domin ƙarin mayen sukari ne. Otto Warburg, Bajamushe, ya lura tun shekarun 1920 cewa ƙwayoyin daji suna zuƙar sukari da yawa amma ba sa ƙona shi har ƙarshe, sai su tsaya a rabin hanya su zubar da wani ruwan tsami cikin jini. Hanta ta tsinci ruwan tsamin ta sake mai da shi sukari, ƙarin ya sake zuƙa. Miji da mata, Carl da Gerty Cori, da suka sami Nobel a 1947, su suka bayyana wannan zagaye. Lissafinsa ku duba: ƙarin yana samun awo 2 na ƙarfi daga ƙwayar sukari ɗaya, hanta kuma tana kashe awo 6 kafin ta sake haɗa ta. Kowane zagaye asara ce, kuma majinyaci ke biya yana kwance. Kitse ma bai tsira ba. Yana narkewa da sauri, kuma a 2014 masu bincike a Boston da Madrid suka nuna a jikin ɓeraye cewa wani ɓangarensa kan sauya hali, maimakon ajiyar ƙarfi ya koma ƙona shi ya zama zafi kawai.

Yanzu mu zo kan rashin cin abincin, wanda a kansa ake ɓata rai a gidaje. Yunwa da ƙoshi ba a ciki ake yanke su ba, a ƙwaƙwalwa ne. Akwai wani sinadari mai suna GDF15 da ƙari da yawa ke fitarwa, wasu magungunan daji ma suna ƙara shi. Samuel Breit da abokan aikinsa a birnin Sidni na Ostareliya suka nuna a 2007 cewa yana kashe sha'awar abinci. A 2017 aka gano inda yake sauka, can ƙasan ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya, wurin da ke kula da tashin zuciya da amai. 'Yan mata, ku tambayi yayyenku da suka yi laulayi mai tsanani, irin wanda ko ruwa ba ya zama a ciki. Bincike ya nuna wannan sinadari yana da babban hannu a cikinsa. Babu mai hankalin da zai tsaya a kan mai irin wannan laulayi yana cewa taurin kai ne ya hana ta ci. To abin da Baba ke ji idan aka buɗe kwanon tuwo a gabansa ɗan'uwan wannan ne. Idan ya ce ya ƙoshi bayan cokali 2, gaskiya ya faɗa.

Saboda haka abu na farko da nake roƙonku shi ne ku zama masu kashe wutar zargi a gida. Na san yadda maganar ke tafiya. 'Yan dubiya su zo su ga yadda ya koma, su fita suna cewa matarsa ba ta kula da shi, ko surukarta na yi mata rowar abinci. Wasu su ce sammu ne, wasu su nuna wata tsohuwa a unguwa su ce ita ta kama masa kurwa. Mace ta kwana tana dama kunu kala-kala, gari ya waye ta zama abar tuhuma. Zumunci ya tsinke a kan abin da sinadaran jini suka aikata. Ku da kuka yi karatu, ku zauna da Gwaggo da Kawu cikin ladabi ku yi musu bayani. Addu'a a yi ta, a yawaita, babu mai hana wannan. Amma ɗora wa bayin Allah laifin da ba nasu ba zalunci ne, kuma ba ya ƙara wa mara lafiya ko giram ɗaya.

Ku kuma tsare shi daga sha-ka-fashe. Idan rama ta yi yawa za a sami mai kawo shawarar a sayo ƙwayoyin ƙiba a kemis ko wajen masu talla. Da yawansu deksametazon ne, ɗan'uwan kotisol ɗin da na ambata. Likitoci kan ba da shi da kansu na 'yan makonni, ya buɗe ciki ya ɗan dawo da kuzari. Amma idan aka daɗe a kansa, fuska ta kumbura a ce ya yi ƙiba, alhali yana cin tsokar cinya, yana ta da suga, yana karya garkuwa. Wani kuma saifiroheftadin ne, wanda aka gwada a kan masu daji a Amurka a 1990 bai hana su ramewa ba. Ko magungunan da likitoci ke rubutawa kowanne da iyakarsa. Mejestirol yana ƙara nauyi, amma mafi yawansa kitse ne da ruwa, yana kuma iya daskarar da jini a jijiya. Magungunan toshe TNF, da aka sa wa rai ƙwarai, ba su yi aiki a gwaji ba, domin hanyoyin ramar suna da yawa, idan an rufe ɗaya saura na buɗe. Japan ta amince da anamorelin a 2021, yana ƙara ci da nauyi, sai dai a manyan gwaje-gwaje bai ƙara ƙarfin hannu ba. A 2023 likitoci a Puducherry ta Indiya suka nuna ɗan ƙaramin awo na olanzafin, magani mai araha, ya taimaki masu karɓar kemo, wato maganin daji, su ci su ƙara nauyi. A 2024 kuma aka wallafa gwajin wata allura mai toshe GDF15, ponsegromab, a kan mutum 187, inda waɗanda suka sami awo mafi girma suka ƙara kusan kilo 3 fiye da waɗanda ba a ba su maganin ba cikin mako 12. Ana tafiya, ba a kai ba tukuna. Duk cikinsu babu wanda ɗan jinya zai sayo da ra'ayin kansa.

Akwai wata magana da ke yawo a WhatsApp da TikTok wadda ke sosa mini rai ƙwarai: wai tunda daji sukari yake ci, a hana majinyaci abinci don ƙarin ya mutu da yunwa. Kun riga kun ga amsar. Idan sukari bai shigo ta baki ba, hanta za ta ƙera shi daga tsoka, ƙarin ya ci gaba da samun rabonsa. Mutumin kawai aka yunwatar. Haka batun azumi. Dattijo zai dage sai ya ɗauka don bai saba sha ba, ku tuna masa da tausasawa cewa shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, ku haɗa shi da malamin da yake jin maganarsa.

Abin da ke hannunku ba kaɗan ba ne, in dai an fara da wuri. Su Fearon sun kasa ramar mataki 3: na share fage, na tsakiya, da na ƙarshe wanda ba ya jin magani. A na farko da na biyu ake cin riba. Ku riƙa auna nauyinsa kowane mako a sikeli ɗaya kuna rubutawa, ku nuna wa likita, kada ku jira ido ya gani. Ido ma yana ruɗi. A 2008 Carla Prado da Vickie Baracos a Alberta ta Kanada suka duba hoton cikin masu daji 250 masu ƙiba, suka tarar kusan kashi 15 cikin 100 tsokarsu ta zube a ƙarƙashin kitse, kuma irinsu sun fi saurin mutuwa. Mai ƙarancin tsoka kemo ya fi wahalar da shi. Don haka ku lura da ƙarfi: yana iya tashi daga zaune ba tare da dafa ƙasa ba? Yana iya ɗaga buta? Ku kuma binciki ƙananan abubuwan da ke hana ci waɗanda suke da magani: gyambon baki da farin fumfuna a harshe, bushewar ciki, ciwo, amai, wahalar haɗiya, baƙin ciki. Sau da yawa dattijo ba zai faɗa ba don kunya, sai an tambaye shi a keɓe.

Abinci kuwa a ba shi kaɗan-kaɗan, sau da yawa, a ƙaramin kwano, a lokacin da ya fi jin daɗin jikinsa, wanda ga mutane da yawa safiya ce. Masana abinci na Turai suna ba da shawarar furotin giram 1 zuwa 1.5 a kowane kilo na nauyi a yini, wato giram 60 zuwa 90 ga mai kilo 60, alhali ƙwai ɗaya giram 6 ne kawai. Kun ga koko tsararo ba zai kai ko'ina ba, cika ciki kawai zai yi. A sa masa madara, a dama kunun gyaɗa da kauri, a kawo kindirmo da fura, alale da ƙwai, awara, kifi, naman da aka dafa ya yi luguf, ba romon kaɗai ba. Gyaɗar a tsince ta, wadda ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar da ke lalata hanta. Idan ƙamshi na tayar masa da zuciya, a nisanta girki daga ɗakinsa, a bar abincin ya huce. A tambaye shi me yake sha'awa. Idan ya ture kwano a ɗauke ba tare da tsaki ko hawaye a gabansa ba, a dawo an jima.

Kuma kada ƙauna ta sa ku ɗaure shi a gado. Mun saba da "kwanta ka huta, bari a kawo maka." A wani gwaji da aka wallafa a 2007, tsofaffi lafiyayyu da aka kwantar kwana 10 sun rasa kusan kilo 1 na naman ƙafa. Motsi yana cikin 'yan abubuwan da ke umartar tsoka ta yi gini. Idan likita ya ce ƙashi lafiya, ku riƙe hannunsa ya taka zuwa zaure, ya tashi ya zauna a kujera sau kaɗan, in mace ce ta tsince shinkafarta da kanta in tana so.

Mataki na ƙarshe yana da nauyin faɗa, amma gara ku ji tun yanzu. Akwai lokacin da jiki ba ya iya amfani da abinci kuma. Ɗura a wannan hali tana kawo amai da shaƙewa, abinci ya bi ta hanyar iska ya faɗa huhu. Dangi kan matsa a yi ƙarin ruwa don a ga an yi wani abu. Ku sani ledar rabin lita mai sukari kashi 5 cikin 100 giram 25 na sukari ke cikinta, kimanin ƙaramin cokali 6, babu furotin ko kaɗan, kuma idan ya yi yawa sai ya taru a ƙafafu da huhu ya ƙara wahalar numfashi. Ba rashin ci ne ke tafiya da shi ba, ciwon ne ya kai inda ci ya tsaya. Aikin ɗan jinya a nan shi ne neman likita ya rage raɗaɗi, da jiƙa baki, da juya shi don kada baya ya yi gyambo, da zama kusa. Wanda ya yi wannan bai gaza ba.

Wayoyin da ke hannunku ma marasa lafiya suna da hakki a kansu. Chadwick Boseman, jarumin fim ɗin Black Panther, ya fito a wani bidiyo a Instagram a watan Afrilun 2020 ya rame sosai, mutane suka yi ta surutu, wasu har da ba'a. A watan Agusta na shekarar ya rasu yana da shekara 43, sai duniya ta ji ashe tun 2016 yake fama da dajin hanji. Mu ma muna da namu salon: a ga mutum ya rame a fara raɗa cewa ƙanjamau ne, ko a ɗauki hotonsa a gadon asibiti a yaɗa ba da izininsa ba. Tsoron irin wannan magana yana sa mutane ɓuya a ɗaka a daidai lokacin da ya kamata su je asibiti.

Zuwa asibitin kuwa shi ne babban magani, domin abin da ya fi tsayar da wannan rama shi ne cin ƙarfin ƙarin da ke haddasa ta. Ƙididdigar hukumar binciken daji ta duniya ta nuna a 2022 an sami sababbin masu ciwon kusan 128,000 a Najeriya, kusan 80,000 kuma suka rasu, kuma yawancin majinyatanmu sai ciwo ya yi nisa suke isa gaban likita. Idan wani naku yana ramewa ba tare da ya rage ci da gangan ba, wando na zamewa, ƙarfi na raguwa, kada a tsaya ana cewa tunani ne ko shawara ko basir. A je a auna. Ba lallai daji ba ne: tarin fuka, da ƙanjamau, da ciwon suga, da ciwon zuciya ko ƙoda da ya daɗe duk suna ramar da mutum, wasunsu ta irin hanyoyin da na bayyana, kuma maganin tarin fuka kyauta ake ba da shi a cibiyoyin gwamnati a Najeriya. Idan za ku je, ku tafi da takardar awon nauyinsa, da duk ƙwayoyi da jiƙe-jiƙen da yake sha, ku gaya wa likita tun yaushe ramar ta fara.